Jan Layi a Kan Kukar Kaka

Kafin in shiga labarin, ya wajaba in faɗi inda na samo shi, domin ba duka na gani da idona ba. Abin da ya faru a Gashuwa ina wurin. Abin da ya faru a Nguru, a tsakar gidan kawuna, da safiyar da aka yi yankan, ba na nan. Matarsa ce, wadda nake kira Inna, ta ba ni labari, kuma sau biyu ta ba ni, bayanin nata bai zo ɗaya ba a wani wuri da zan nuna idan na iso shi. Maganganun mutanen zaurenmu na waya kuwa, wasu na sake sauraronsu kafin in fara rubutu, wasu sun ɓace lokacin da na sauya waya, don haka daga ƙwaƙwalwa na kawo su. Duk inda na sa magana a bakin mutum, ma'anar tasa ce, amma ba zan rantse a kan kowace kalma ba. Game da lokaci, an ɗauki hoton a ƙarshen daminar bara, an yi yankan dab da azumin bana, ina kuma yin wannan rubutu bayan damina ta riga ta zauna. Shekarun bishiyar ne na kasa tabbatarwa. Mahaifiyata ta ce ta girme ni, Kawu ya ce ni na girme ta da kaɗan. Na bar sunaye domin dukkanmu muna raye, kuma har yanzu muna gaisawa.

Bishiyar kuka ce. Kakata ta wajen uwa, wadda danginta suka zo Nguru daga Haɗeja saboda fataucin hatsi, ita ta shuka ta. Ta je ganin gida ne ta dawo da ƙwallo ɗaya daga kukar gidan mahaifinta. Bayan an jiƙa garin an sha, ta zuba 'ya'yan a cikin wata randa da bakinta ya fashe, wadda ƙasa ta riga ta taru a cikinta. Ɗaya ya tsiro. Randar tana kan dakalin siminti kusa da madafa, saboda haka saiwar ba ta taɓa samun hanyar shiga ƙasa ba. Kaka ba ado ta nufa da ita ba. Ɗanyen ganye take so a miya, kuma kowace damina, da zarar toho ya buɗe, sai ta tsinke shi da farce. Haka kukar ta tsufa ba ta yi tsawo ba. Ta tsaya daidai ƙirjina, gindinta ya yi kaurin cinyar babban mutum, kan kowane reshe ya dunƙule kamar yatsan da ya sha aiki, ganyenta kuma ƙanana ne ƙwarai. Da Kaka ta rasu, aka raba kayanta, tufafi suka tsufa, kwanuka suka watse a gidajen jikoki. Abu guda da ta taɓa da hannunta wanda ya ci gaba da rayuwa shi ne wannan kuka. Kawu yakan tsaya a gabanta kafin ya fita kasuwa.

Ni tarihi na karanta a jami'ar da ke Gashuwa, kuma a lokacin ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta kafin a kira mu bautar ƙasa. Ban san komai game da tsirrai ba. Turanci ne ya shigar da ni harkar. Akwai wani mai kemis a unguwarmu, kowa yana kiransa Dokta, wanda ya kamu da son bonsai, wato renon bishiya a cikin ɗan ƙaramin mazubi har ta yi kamannin tsohuwar bishiyar daji alhali ba ta wuce a ɗauke ta da hannu biyu ba. Bayan shagonsa cike yake da tsamiya da magarya da ya nannaɗe wa rassa da wayar tagulla. Shi ya buɗe zauren waya na masu wannan sha'awa, ya sa ni a ciki domin in riƙa fassara wa dattawa abin da malamin yake faɗa.

Malamin nan wani Bature ne daga ƙasa mai sanyi, mai furfura, mai sanyin murya, wanda yake koyar da bonsai ta bidiyo, kuma mutane daga ƙasashe da yawa suna binsa. Babu ranar da za ta wuce ba a yi musu a kansa ba a zaurenmu. Dokta ba ya kiransa da komai sai Shehi. A wurinsa, idan Shehi ya ce a yanke, magana ta ƙare. Babban abokin hamayyarsa shi ne wani dattijo Babarbare a Nguru, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da muke kira Baban Reluwe, wanda ya daɗe yana renon gamji a gwangwanayen fenti tun kafin ya ji kalmar bonsai. Shi Mahauci yake kiran malamin. Na uku shi ne wani Bafulatani mai sayar da shanu daga wajen Jakusko, da muke tsokana da Arɗo, wanda yake haƙo aduwar da awaki suka cinye wa kai a daji ya sa a tukunya.

Wani saƙon murya na Baban Reluwe yana nan a wayata har yanzu:

"Wushe, jama'a. Dokta, na kalli abin da ka turo. Mutumin nan ya iya almakashi, ban musa ba. Amma ka taɓa ganin ya nuna mana wadda ta mutu? Kullum sai ya yanke, ya yi murmushi, a kashe kyamara. Ina gawarwakin?"

Dokta ya amsa cewa babu malamin da yake koyarwa da gawa. Arɗo ya shigo yana dariya: "Ku daina wahalar da data. Abin da Baturen nan yake yi da almakashi, awakina suna yi mini kyauta."

"Kai bawana, wa ya sa da kai?" in ji Baban Reluwe. "Bafulatani da bishiya, in ba sarewa ya ba shanu ba?"

"Ubangidanka ne yake magana, Baba, ka yi shiru ka ƙaru."

Haka muke, kuma babu wanda yake jin haushi.

Ni na jawo Kawu cikin zauren. Na je Nguru hutun ƙarshen mako, na kalli kukar Kaka da sabon ido, na ga ashe abin da Dokta yake wahalar nema da waya da almakashi yana nan kusa da madafa tun ina yaro. Na ɗauki hotonta da ganyenta na tura. Zauren ya rikice. Dokta ya kira ni nan take, ya ce lallai sai Shehi ya ga wannan. Malamin yana da wani shiri na kai tsaye inda mabiyansa suke aiko da hotunan bishiyoyinsu, shi kuma ya duba ya ba da shawara. Muka nemi izinin Kawu. Ya ce, "Hoto ne kawai, ai ba cinye ta zai yi ba. Ku tura."

Muka tura, muka manta. Sai a ƙarshen sanyi Dokta ya sami sanarwa cewa hotonmu yana cikin waɗanda za a duba. A lokacinmu, shirin ya faɗo bayan la'asar. Muka zauna a bayan kemis, ni da shi, ya jingina waya ɗaya da kwalin magani, ya riƙe ta biyu yana ɗaukar abin da ta farko take nunawa, domin malamin ba ya ajiye irin wannan shiri bayan an gama.

Da kukar Kaka ta bayyana a fuskar wayar, da randarta, da gefen murhun Inna, sai malamin ya ƙura mata ido. Sa'an nan ya ce, a iya fahimtata, bai san wanda ya reni wannan bishiya ba, amma ko wane ne, hannunsa yana da haƙuri irin wanda ba a koyarwa a aji. Ya yaba ƙanƙantar ganyen. Daga nan ya shiga gyara. Ya ce ta yi tsawo fiye da kaurinta, rassan duka sun taru a sama, kuma tsagar da ya hango a jikin randar alama ce cewa saiwa ta cika ta har ta fara shaƙe kanta. Ya ce idan aka bar ta haka za ta riƙa raunana a hankali. Sai ya ɗauki alƙalaminsa na kwamfuta ya ja jan layi a kan hoton, a gicciye, kamar taƙi ɗaya da rabi daga bakin randar. Ya ce a yanke a nan, a fitar da ita, a rage saiwar sosai, a mayar da ita mazubi marar zurfi, za ta zama ɗaya daga cikin mafi kyawun bishiyoyin da ya taɓa gani, kuma za ta ga jikokin mai ita.

Ya ɗaga ɗan yatsa, ya buɗe baki zai ƙara magana. Sai sabis ya ɗauke.

Duk wanda ya zauna a Gashuwa ya san wannan ba abin mamaki ba ne. Dokta ya fita bakin titi yana ɗaga waya sama, ya hau kan benci, ya sauya layi. Da sabis ya dawo, malamin yana kan bishiyar wani mutum daga wata ƙasa. Abin da ya rage mana shi ne bidiyon da Dokta ya ɗauka, wanda ya ƙare da fuskar malamin a daskare, yatsa a sama, baki a buɗe.

Na fassara shi jimla bayan jimla, na tura zaure. A ƙarshen fassarar na faɗa, kuma na sake saurare na tabbatar na faɗa, cewa maganar ba ta ƙare ba lokacin da sabis ya yanke, ba mu san abin da ya biyo baya ba.

Musun da aka yi a kwanakin nan ya fi duk na baya zafi. Dokta ya ce abin da ya rage bai wuce sallama ba, duk muhimmin bayani an riga an ji. Ya ce a dubi watan da ake ciki: a daidai wannan lokaci ne Shehi yake sauya wa bishiyoyinsa mazubi kowace shekara. Baban Reluwe ya ce, "Dokta, a garinsu yanzu sanyi ne yake tafiya, ruwa yake zuwa. Mu nan wuta ce take zuwa. Ka taɓa ganin an yi wa mutum kaciya a tsakiyar bazara da gangan?" Ya ce kuka ba itace ba ce kamar sauran itatuwa, cikinta ruwa ne da zare, idan aka buɗe mata babban rauni ruɓewa take yi daga ciki. Dokta ya ce kukar daji ana sassaƙe mata ɓawo ana igiya, ana sare mata rassa duk shekara, ba ta mutuwa. Baba ya ce ta daji saiwarta tana ƙasa. Arɗo, wanda bai saba magana babu tsokana ba, ya ce wa Kawu, "Alhaji, in da tawa ce, da na bar ta. Amma ba tawa ba ce."

Alamar waya ta nuna Kawu yana sauraron komai, amma bai aiko da ko kalma ɗaya ba. Sau ɗaya ya kira ni, bayan azahar, ina jin hayaniyar kasuwar hatsi a bayansa.

"Furofesa," haka yake kirana tun da na shiga jami'a, "wurin nan da ya yi maganar hannu. Maimaita mini."

Na maimaita.

"Haƙuri ya ce?"

"Haƙuri ya ce, Kawu. Irin wanda ba a koyarwa a aji."

"To. Da maganar shaƙewa, ita ma haka ya faɗa? Ba ƙari ka yi ba?"

"Ban ƙara ba. Amma Kawu, bai gama magana ba."

"Na ji," in ji shi. "Gai da mutanen gida."

Babu wani a cikinmu, har da Dokta, da ya zaci zai yi. Mun ɗauka musu ne irin namu, za a yi a gaji a koma kan wani. Kawu mutum ne da ba ya barin yara su jingina da randar nan. Ashe ya riga ya je wurin maginin tukwane ya sa an yi masa kasko mai faɗi da huda a ƙasa, ya tanadi yashi da gawayi, ya aro zarto a wurin kafinta.

Ga abin da Inna ta gaya mini. Da hantsi ne, bayan yara sun tafi makaranta. Kukar ba ta da ganye ko ɗaya, kamar yadda take yi kowane rani. Kawu ya buɗe hoton mai jan layi a wayarsa, ya auna da taƙinsa, ya zana da gawayi a jikin bishiyar. Inna, wadda take kiran Kaka Hajiya, ta ce masa, "Alhaji, me Hajiya ta yi maka?" Ya ce, "Ceto ta zan yi." A karon farko da ta ba ni labari ta ce ya yi bisimilla ya yanke bai tsaya ba. A karo na biyu ta ce da zarton ya kai tsakiya ya tsaya, ya zauna a kan dakali ya daɗe, sa'an nan ya tashi ya ƙarasa, domin ba a barin yanka a rabi. Ban san wanne ne daidai ba, kuma ban iya tambayar Kawu ba. Bayan haka ya fasa randar da taɓarya. Saiwar ta fito kamar ƙaton rogo da ya nannaɗe kansa. Ya rage mata fiye da rabi, ya shafa toka a raunukan, ya dasa abin da ya saura a kasko. Ya ɗauki hoto ya tura zaure, ba tare da rubuta komai ba.

Ina tsakiyar darasi hoton ya shigo. Ban san yadda na ƙarasa ajin ba. Wanda ya fara magana a zauren, da yamma, Baban Reluwe ne, kuma salati kawai ya yi.

Washegari na shiga mota zuwa Nguru. Na san abin da zan tarar, na ga hoton, amma da na yi sallama na shiga tsakar gidan sai na tsaya cak. Tun ina rarrafe akwai wani abu a tsaye a wannan kusurwa, yanzu sai bango nake gani. A kan dakalin akwai kasko, a cikinsa kututture mai kamar turmin da ba a fafe ba, samansa fari da toka. Ɓaraguzan randar Kaka suna tare a gefe. Kan bishiyar, da dukkan rassan nan masu dunƙulallun yatsu, Inna ta hana a fitar da shi. Ta jingina shi da bango a inuwar rumfarta.

Kawu ya fito ya same ni a tsaye.

"Ka ga aiki?" ya ce.

"Na gani, Kawu."

"Daidai layin ne. Auna ka gani."

Ban auna ba. Ya dube ni, ya dubi kututturen, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Duniya duka ta ga kukar tsohuwa. Mutum daga can ya ce tana shaƙewa. In zauna ina kallo?"

Bayan haka sai aka koma musu a kan ruwa. Dokta ya ce Shehi yana shayar da bishiya sosai da zarar ya sauya mata mazubi. Baban Reluwe, wanda ya zo gidan da kansa a adaidaita ya tsuguna ya daɗe yana dubawa, ya ce kada ɗigo ya taɓa ta sai ruwan sama, domin kuka tana barci da rani, saiwa mai rauni kuma idan ta jiƙe ruɓewa za ta yi. Kawu ya shayar da ita sau ɗaya, sa'an nan ya bi maganar Baba. Daga baya Inna ta gaya mini cewa a tsakiyar azumi, ranakun da zafi ya kai inda ko kaji ba sa fitowa, takan ɗan zuba mata ruwa idan Kawu ya fita. "Ina kallonta a rana, ni ma ina jin ƙishirwa," ta ce. "Ya zan yi?" Ba ta tuna sau nawa ba.

Dokta kuwa ya rubuta wa malamin, ya haɗa da sabon hoton, yana sa ran yabo. Amsar ta ɗauki lokaci kafin ta zo, kuma ni na fassara ta. Cikin ladabi aka rubuta ta. Malamin ya ce hoton ya tayar masa da hankali. Ya ce a iya tunawarsa ya yi gargaɗin cewa kada a haɗa yankan sama da na saiwa a shekara ɗaya, kuma a tambayi mutanen wurin lokacin da ya dace, amma ba shi da shirin a ajiye balle ya duba ya tabbatar. Sa'an nan ya ƙara da cewa shi kansa bai taɓa renon kuka ba, a littafi da hotuna kawai ya san ta.

Sai da na karanta wannan jimla ta ƙarshe sau da yawa kafin in yarda cewa abin da take nufi ke nan. Mutumin da ya ja layin nan da hannu marar rawa bai taɓa taɓa jikin kuka ba.

"Kun ji ko?" in ji Baban Reluwe. "Bai taɓa ganin raƙumi ba, amma ya nuna wurin sa wuƙa."

"Baba, wannan ai shi ne malamin gaskiya," in ji Dokta. "Wani da ƙarya zai yi. Ya faɗi abin da bai sani ba."

"Bayan an yanka ya faɗa, Dokta."

"Ya faɗa tun farko, sabis ne ya cinye."

"Kai ka ji?"

Arɗo ya ce shi bai ga laifin Bature ba, bai ga na Alhaji ba, abin da ya ba shi tsoro shi ne yadda mutum zai zauna a ɗakinsa ya ja layi, zarto ya motsa a Nguru. Ko Baba bai tsokane shi ba a ranar.

An tambaye ni ra'ayina, tunda ni ne na fi kowa sauraron mutumin. Na koma na kalli bidiyoyinsa masu yawa da nufin in yi masa adalci. A waɗanda ya shirya a natse, kusan kullum yana cewa a jira, a yi abu ɗaya a shekara, a san bishiya kafin a taɓa ta. A 'yan guntayen shirinsa na kai tsaye da wasu suka ɗauka suka yaɗa, na ga yana sauri, hoto yana bin hoto, layi yana bin layi, mutane suna yabonsa a gefe. Zai yiwu ƙwarai ya yi gargaɗin. Zai yiwu kuma yatsan nan da ya ɗaga wani abu dabam zai faɗa. Abin da na gaya wa zaure ke nan, kuma bai gamsar da kowa ba. Dokta yana nan yana kiransa Shehi, sai dai ya daina turo bidiyo kullum. Baba yana nan yana kiransa Mahauci, amma na lura ya daina dariya idan ya faɗa.

Da hadari ya fara haɗuwa, kukokin bakin hanyar Nguru zuwa Gashuwa suka fara toho tun kafin ruwan farko, kamar yadda suka saba. Kututturen Kawu bai motsa ba. Sai wata safiya Inna ta kira ni a waya, abin da ba ta taɓa yi ba, tana magana da sauri. Kan bishiyar da ta jingina a rumfa, wanda ba shi da saiwa, ba ya taɓa ƙasa sai siminti, ya fitar da ganye. Na je na gani da idona. A kan kowane dunƙulallen reshe akwai ƙananan ganye kore shar, daidai wuraren da Kaka take tsinka. Baba ya ce ruwan da ya rage a cikinsa ne yake ƙarewa, ba za su daɗe ba. Haka kuwa aka yi. Da suka fara yaushi, Inna ta tsinke su duka da farce, ta yi miya, ta kawo mana da tuwo ni da Kawu. Ba ta ɓoye masa ko ganyen ina ne ba. Ya daɗe yana kallon kwanon. Sa'an nan ya wanke hannu ya ci, ya sa ni ma na ci.

A makon jiya na sake zuwa Nguru. Ruwa ya sauka sau da dama, gamjin Baba sun cika gwangwanayensu da ganye. Kututturen yana nan yadda yake. Na danna shi da yatsa: ta gefen gabas yana da tauri, ta gefen bango ya ɗan yi laushi, ko da yake ban tabbata ba ko haka yake tun da. Kusa da bakin yankan akwai wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gero. Na tura hotonsa. Dokta ya ce toho ne, ya ga irinsa a bidiyo. Baba ya ce tsohon tabo ne, ya gan shi tun ranar da ya zo dubawa. Dukkansu sun yarda da abu ɗaya, cewa idan aka kankare ɓawon da farce aka ga kore a ƙasa, tana da rai. Kawu ya hana. Ya ce an taɓa ta da ƙarfe sau ɗaya, ya isa.

Har yanzu yana tsayawa a gabanta kafin ya fita kasuwa, sai dai yanzu tsugunawa yake yi, domin ta yi ƙasa. Da zan tafi ya rako ni ƙofar gida, ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Furofesa, kai da ka yi karatu. Kada ka faɗa mini abin da Dokta ya ce, ko abin da Baba ya ce, ko na Baturen. Kai me ka gani?"

Na ce masa ban sani ba. Na sake bin duk abin da nake da shi, saƙonni da hotuna da bidiyon nan da ya ƙare da yatsa a sama, kuma har na ajiye alƙalami amsar ba ta sauya ba. Kukar Kaka tana da rai, ko ta mutu tun da bazara muna tsaye muna musu a kanta?